Asma da juna biyu: yadda ake riƙe magani tun daga neman ciki har zuwa jego

Mata da yawa masu ciwon asma, ranar da gwaji ya nuna sun samu juna biyu ranar suke ajiye maganin shaƙarsu. Wata ita ke yanke wa kanta shawarar, wata uwar miji ce ko maƙwabciya za ta ce mai ciki ba ta shan magani, wata kuma mai kyamis ɗin unguwa ne zai tsorata ta. Niyyar mai kyau ce, amma a nan haɗarin yake. Ɗan da ke ciki ba shi da hanyar samun iskar oksijin sai daga jinin mahaifiyarsa, ta mabiyiya. Idan hanyoyin iskar huhunta suka kumbura suka tsuke, abin da ke isa gare shi ma raguwa yake yi. Asmar da ba a shawo kanta ba tana ƙara yiwuwar hawan jinin masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga, da haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi, da haihuwa ta tiyata. Wadda asmarta ke kwance kuwa, cikinta kusan daidai yake da na sauran mata.

Mun rubuta sunayen magungunan kamar yadda suke a jikin kwali domin ki iya gwadawa da naki.

Fara sanin abin da ke hannunki

Maganin shaƙa iri biyu ne, aikinsu kuma daban. Na farko shi ne mai buɗe ƙirji, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin. Yana sassauta tsokar da ta shaƙe hanyoyin iska cikin mintuna kaɗan, ƙarfinsa ya kai awa 4 zuwa 6, amma ba ya taɓa kumburin da ke ciki. Na biyu shi ne na rigakafi, mai ɗauke da ɗan sitiroyid: budesonide, beclometasone ko fluticasone. Shi ke kwantar da kumburin, shi ake shaƙa kullum ko da lafiya lau kike ji, kuma yakan ɗauki kwanaki zuwa makonni kafin amfaninsa ya bayyana. Akwai kuma waɗanda aka haɗa sitiroyid da mai buɗewa na dogon lokaci a gwangwani ɗaya, kamar Seretide da Symbicort. An saba cewa Ventolin shuɗi ne, beclometasone ruwan ƙasa, Seretide ruwan malmo, sai dai kamfanoni ba sa bin launi ɗaya. Sunan da ke jikin gwangwanin za ki karanta.

Duk waɗannan ana amfani da su lokacin neman ciki, da cikin, da shayarwa. Budesonide ne ya fi yawan shaidar bincike a kan masu juna biyu, saboda haka idan yanzu za a fara ɗora ki a kan na rigakafi, shi likita ya fi zaɓa. Amma idan wanda kike kai ya karɓe ki, ba a canza shi don kawai ciki ya shiga.

Akwai wata fahimta da ta yi katutu a cikin mutanenmu, cewa inhela, wato maganin shaƙa, ta wanda ciwonsa ya yi nisa ce, ƙwaya kuma ta fi sauƙi. Lissafi ya nuna akasin haka. Fesawa ɗaya ta Ventolin maikirogiram 100 ce, kai tsaye cikin huhu. Ƙwayar salbutamol ɗaya miligiram 4 ce, wato adadin fesawa 40, kuma sai ta bi jini ta zaga jiki duka kafin ta isa huhu. Shi ya sa mai shan ƙwayar ke fama da rawar hannu da bugun zuciya, kuma abin da ke kaiwa ga jariri ya fi yawa. Inhela ba ta zama jaraba. Idan kin ga kullum hannunki na kan Ventolin, kumburin ne ba a magance ba. Sitiroyid ɗin shaƙa kuma ba ɗaya yake da ƙwayoyin dexamethasone da wasu mata ke sha don ƙiba ba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Na shaƙa ɗan mitsitsi ne, akasarinsa a huhu yake tsayawa.

Kafin ciki ya shiga

Muna so mace ta ga likita kamar wata uku kafin ta fara neman ciki, ta tafi da duk abin da take sha a leda ɗaya, har da na kyamis da na gargajiya. A Legas manyan asibitoci irin su LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja suna da likitocin ƙirji da na masu ciki a wuri ɗaya, amma likitan babban asibitin da ya fi kusa da ke ma zai iya fara aikin.

Kafin ki je, duba makonni huɗun da suka wuce ki amsa wa kanki tambayoyi huɗu. Shin tari, ko kukan ƙirji, ko matsewar numfashi sun dame ki da rana fiye da sau biyu a mako? Asma ta taɓa tashinki daga barci? Kin nemi Ventolin fiye da sau biyu a mako? Ta hana ki wani aikin da kika saba, kamar wanki ko hawa bene? Idan duka amsar a'a ce, asmar a kwance take. E ɗaya ko biyu na nufin akwai gyara. Uku ko huɗu na nufin ba a shawo kanta ba, gara a daidaita magani tukuna. Ƙirga kuma gwangwanin Ventolin nawa kika ƙarar a shekara. Kowanne fesawa 200 ne, kuma ƙarar da uku ko fiye a shekara alama ce ta haɗarin mummunan tashi.

Idan Ventolin kaɗai kike da shi, wannan ne abu na farko da za a gyara. GINA, ƙungiyar da ke fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya duk shekara, tun 2019 ta daina amincewa a riƙe babban mutum a kan mai buɗe ƙirji shi kaɗai ba tare da sitiroyid ɗin shaƙa ba. Batun ya shafi haihuwa ma: wani bincike da aka wallafa a 2018 kan mata fiye da 5,000 masu cikin fari a Ostireliya da New Zealand da Birtaniya da Ayalan ya gano cewa masu asmar da ke dogaro da mai buɗewa kaɗai sun fi daɗewa kafin su samu ciki, alhali masu amfani da na rigakafi ba su bambanta da sauran mata ba. Maganin asmar maigida kuma ba ya cutar da ciki, shi ma ya ci gaba da nasa.

Sai ki nemi ma'aunin ƙarfin numfashi, ɗan bututun roba mai lambobi da ake hurawa. Ki miƙe tsaye, ki mayar da kibiyar kan sifili, ki cika ƙirji da iska, ki rufe baki a kan bututun ki hura da dukkan ƙarfinki lokaci guda. Yi sau uku, rubuta mafi girma. Yi haka safe da yamma na mako biyu a lokacin da kike lafiya, lambar da ta fi kowacce ita ce lambarki. Daga nan kashi 80 cikin 100 na lambar zuwa sama lafiya ne, tsakanin 50 da 80 gargaɗi ne, ƙasa da 50 asibiti ne nan take. Wadda lambarta 400 ce, iyakokinta 320 da 200 ke nan. Ki sa likita ya rubuta miki a takarda abin da za ki yi a kowane mataki, da sunan magani da adadinsa, ki ɗauki hotonta a waya, maigida ma ya ajiye a tasa.

Fara shan folic acid tun yanzu, aƙalla maikirogiram 400 a rana. Masu sikila, da ciwon suga, da masu shan maganin farfaɗiya miligiram 5 ake ba su. Ba ya karo da maganin asma ko ɗaya.

Sai kuɗi, wanda ba a son faɗa amma shi ke sa mata da yawa barin na rigakafi. Tun bayan da kamfanin GSK, mai Ventolin da Seretide, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa da kansa a Najeriya, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Idan aljihu ba zai ɗauka ba, ki faɗa wa likita ƙarara. Akwai salbutamol da beclometasone da budesonide na wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi, aikinsu ɗaya. Saya a famasi mai rajista, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, idan akwai lambar kankarewa a kwalin a tura ta don tantancewa. Ki tambaya ko inshorar Ilera Eko ta jihar Legas ko ta wurin aikin maigida za ta rage muku wani abu. Malam maigida, kuɗin inhelar wata tara a saka shi cikin lissafin haihuwa tun farko, kafin ragon suna.

Shaƙar da ke kai magani huhu

Sau da yawa idan aka ce magani ba ya aiki, a harshe da maƙogwaro yake ƙarewa. Ga inhelar fesawa: cire murfi, girgiza sosai, ɗaga haɓa kaɗan, fitar da numfashi gefe, rufe leɓɓa a kan bakinta. Fara jan iska a hankali, kina farawa ki danna sau ɗaya, ki ci gaba da ja a hankali har ƙirji ya cika. Riƙe numfashi daƙiƙa 10 ko iya ƙarfinki. Jira rabin minti zuwa minti ɗaya, sake girgizawa, sannan ta biyu. Kurakuran da aka fi yi su ne danna biyu a numfashi ɗaya, dannawa kafin a fara ja, da ja da sauri. Idan kin ga hayaƙi na fitowa ta baki ko hanci, maganin ya tafi a banza. Sabuwar inhela, ko wadda ta kwana biyu ba a taɓa ba, a fesa sau biyu a iska tukuna.

Bututun sifesa, wanda ake haɗa shi da inhela a shaƙi maganin ta cikinsa, yana kawar da yawancin matsalolin nan, kuma a ganinmu kowace mai ciki mai inhelar fesawa ya kamata ta mallake shi, domin idan ciki ya tsufa riƙe numfashi wuya yake yi. Ana sa inhelar a gindinsa, a danna sau ɗaya, a yi numfashi huɗu zuwa biyar ta bakinsa. Wanke shi sau ɗaya a wata da ruwan sabulun wanke-wanke, a bar shi ya bushe da kansa. Goge shi da tsumma na sa maganin ya manne a bango. Idan babu, robar ruwa mai cin mililita 500 na iya tsayawa a madadinsa: a huda gindinta daidai girman bakin inhelar yadda zai shiga dam, a shaƙa ta bakin robar. An gwada wannan a kan yara a Afirka ta Kudu, ya yi aiki kusan daidai da na kamfani.

Inhelar gari, irin Symbicort Turbuhaler da Seretide mai zagaye, akasin haka take: ja ake yi da ƙarfi da zurfi tun farko. Turbuhaler a riƙe ta a tsaye, a murɗa gindin zuwa ƙarshe a dawo da shi har a ji ƙas. Kada a hura numfashi a cikinta, kada a ajiye ta a banɗaki ko kusa da tukunya, domin laimar Legas na dunƙule garin. Bayan kowace inhela mai sitiroyid, kurkure baki ki tofar, don kauce wa fararen ɗigo a harshe da dishewar murya. Rubuta ranar da kika buɗe gwangwani a jikinsa. Gwangwanin da maganinsa ya ƙare yakan ci gaba da fesa iska, jefa shi a ruwa don a ga ko zai yi iyo kuma ba ya nuna gaskiya.

Bayan ciki ya tabbata

Ci gaba da komai yadda yake, ki fara awo da wuri, ki sa a rubuta asma da sunayen magungunanki a katin awo. Ko da kin ji garau, ba a rage na rigakafi a lokacin ciki, ragin yana jira sai bayan haihuwa. An daɗe ana ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin uku na mata asmarsu na sauƙi da ciki, kashi ɗaya ba ta canzawa, kashi ɗaya tana tsananta, kuma ba a sanin rukunin mace tun farko. Tashin ya fi yawa daga tsakiyar ciki, musamman mako na 24 zuwa na 36, kuma mura da barin na rigakafi su ne manyan masu jawo shi. Saboda haka a duba asmar duk mako 4 zuwa 6, a haɗa da ranar awo. Mai asma mai ƙarfi akan ƙara mata hoton ciki wajen mako na 32 don ganin girman jariri.

Yawancin masu ciki suna haki ko babu asma, saboda sinadarin progesterone na ƙara zurfin numfashi, mahaifa kuma na tura ƙirji sama. Wannan hakin ba ya zuwa da tari ko kukan ƙirji, ba ya tashin mutum da asuba, lambar ma'auninki kuma ba ta sauka. Idan lambar ta sauka, kada a ɗora wa ciki laifi.

Wadda montelukast mai miligiram 10 ke riƙe da asmarta tun kafin ciki tana iya ci gaba bisa shawarar likita. Wadda aka tsara wa Symbicort a matsayin rigakafi da mai buɗewa gaba ɗaya ta bi tsarinta, kada ta wuce shaƙa 12 a yini. Seretide ba a amfani da shi wajen tashin gaggawa, domin mai buɗewar cikinsa ba ya aiki da sauri. Theophylline da aminophylline, da Franol da ake yawan saya a kyamis, tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, Franol kuma yana ɗauke da ephedrine mai ɗaga hawan jini. Kada mai ciki ta saye su da kanta.

Ƙwayar prednisolone ce ta fi tsorata mutane. Idan asma ta tashi sosai ana ba da miligiram 40 zuwa 50 a rana na kwana 5 zuwa 7, kuma ba a hana mai ciki. Mabiyiya na karya mafi yawansa kafin ya isa ga jariri. An yi maganar ɗan ƙarin yiwuwar tsagewar leɓe idan an sha a watanni ukun farko, amma binciken bai tsaya a magana ɗaya ba, haɗarin barin uwa ba iska kuma ya fi shi nesa ba kusa ba. Yana ɗaga sukarin jini, don haka wadda ta sha shi a gwada mata suga. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne sayen sa ko dexamethasone a kyamis duk lokacin da ƙirji ya motsa.

Abubuwa biyu na hura wutar asma a ɓoye. Ƙwannafi na farko: ci kaɗan-kaɗan, bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, ɗaga kan gado, idan bai bari ba likita na iya ba da maganin ƙwannafi na ruwa ko omeprazole. Na biyu toshewar hanci da atishawa: ruwan gishiri na wanke hanci, feshin hanci mai sitiroyid, da loratadine ko cetirizine duk ana ba masu ciki. Haɗaɗɗun magungunan mura masu pseudoephedrine a guje su, musamman a watanni ukun farko. Don ciwon kai ko zazzaɓi paracetamol ne, ban da ibuprofen da diclofenac. Idan aspirin ya taɓa tayar miki da asma, ki faɗa da babbar murya, domin ana ba wasu masu ciki ƙaramin aspirin don rigakafin jijjiga. Haka idan hawan jini ya zo: labetalol na iya tsuke hanyoyin iska, akwai nifedipine da methyldopa a madadinsa. Agbo da sauran jiƙe-jiƙen da ake talla, ba a san abin da ke ciki ko adadinsa ba, wasu ma da barasa ake jiƙa su.

Game da azumi, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan ta ji tsoro wa kanta ko ɗanta. Malamai sun saɓa kan ko inhela na karya azumi, da yawansu sun ce ba ta karyawa. Na rigakafi na sau biyu a rana yana dacewa da sahur da buɗa-baki. Idan ƙirji ya tsuke da rana, a shaƙa nan take, a tambayi malam daga baya.

Iskar gida da ta titi

Mai zama a gidan haya mai ɗakuna a jere a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ba ta da iko da duk hayaƙin da ke shigo mata, amma akwai na cikin ɗakinta. Janareta ya zauna a waje nesa da taga, ba a baranda ko lungun gida ba, domin ban da asma hayaƙinsa na kisa. Maganin sauro na kunnawa da na fesawa da fiya-fiya a bar su, a koma gidan sauro mai magani, a kuma karɓi maganin rigakafin maleriya da ake bayarwa a awo. Turaren wuta da humra, mun san matsayinsu a wurin matan aure, amma idan suna sa ki tari a haƙura da su har a sauka lafiya. Girki da gas ya fi gawayi da itace da risho, a buɗe taga ko da wanne ne. Sigari da shisha kada a sha a gidan ko kusa da ke.

Da damina laima na kawo funfuna a bango da bayan kwaba. Wani ya goge da ruwan bilic kina waje, a shanya katifa da filo a rana, a wanke zanen gado duk mako. Kyankyaso babban mai tayar da asma ne: a rufe abinci, a fitar da shara kullum, a yi amfani da maganin da ake ɗigawa a lungu maimakon feshi. Shara a yayyafa ruwa tukuna. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da kuma cikin gosulo a bayan hayaƙin danfo da tirela, takunkumi mai kama fuska irin N95 ya fi gefen mayafi tare ƙura. Ventolin kuma a jaka yake tafiya, ko maƙwabta za ki leƙa.

Idan ta tashi

Zauna a miƙe, kada ki kwanta rigingine. Girgiza Ventolin, fesa ɗaya a sifesa, numfashi huɗu zuwa biyar, sake wata bayan rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa fesawa 10. Idan kin samu sauƙi sosai, duk da haka ki ga likita a ranar ko washegari. Idan sauƙin bai zo ba, ko ya zo ya koma, a kama hanyar asibiti, ana maimaita fesawa 4 zuwa 10 duk minti 20 a cikin mota.

Ba a jira ko kaɗan idan ba ki iya ƙarasa jimla a numfashi ɗaya, ko lamba ta faɗi ƙasa da rabi, ko harshe da cikin leɓe sun yi toka-toka, ko gyangyaɗi da ruɗewa sun zo, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali numfashin na ƙara wuya. Haka idan motsin jariri ya ragu, ko jini ya ɓalle, ko mara na murɗawa. Lambobin gaggawa na Legas 112 ne da 767, kyauta. Ku san asibitin da ke da oksijin mafi kusa da gida tun kafin ranar, domin da cunkoson garin nan gara na kusa da wanda kike awo a can tsallaken gada.

A asibiti, maganin da ake ba marar ciki shi ake ba mai ciki: oksijin don riƙe ma'aunin oksijin na jini da ake maƙala wa yatsa a 95 zuwa sama, salbutamol miligiram 5 da ipratropium ta injin turara, prednisolone ko allurar hydrocortisone, idan ta ƙi kuma magnesium sulphate ta jijiya, tare da sauraron bugun zuciyar jariri. Idan likita na buƙatar hoton ƙirji kada a ƙi, haskensa kaɗan ne. Kafin sallama a duba yadda kike shaƙa, a tabbatar kina da na rigakafi, a ba ki ranar dawowa cikin mako guda. Tarin da ya wuce mako biyu da rama ko gumin dare kuma a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Naƙuda, tafiya gida da jego

Tashin asma a lokacin naƙuda ba kasafai ba ne, asma kuma ita kaɗai ba dalilin tiyata ba ce. Amma a asibiti za a haihu. Sa inheloli da sifesa a jakar haihuwa, ki ci gaba da shaƙa kamar kullum. Kina shiga ki gaya wa ungozoma kina da asma, wanda ya rako ki ma ya maimaita, saboda dalili takamaimai: idan jini ya ɓalle bayan haihuwa, carboprost da ergometrine na iya tsuke ƙirji, alhali oxytocin da misoprostol ba su da wannan matsalar. Idan tiyata ta kama, allurar baya ta fi sa barci gaba ɗaya. Wadda ta shafe fiye da mako biyu a kan prednisolone kafin haihuwa tana buƙatar allurar hydrocortisone lokacin naƙuda, domin jikinta ya rage yin nasa. Idan an ba uwa salbutamol da yawa dab da haihuwa, a gwada sukarin jinin jariri a yinin farko.

Wadda za ta tafi goyon ciki gida, Kano ko Katsina ko Sakkwato, ta tafi da maganin wata uku, da katin awo, da takardar likita. Ƙurar hunturun can ta fi ta Legas nesa, kuma ba kowane gari ake samun irin inhelarta ba. Tana isa ta yi rajista a asibiti.

Shayarwa ba ta hana ko ɗaya daga inhelolin nan, haka prednisolone da montelukast. Hidimar jariri na sa mantuwa, don haka ajiye na rigakafi kusa da buroshin haƙori. Ruwan wankan jego a dafa shi a waje nesa da ke da jariri, ɗakin maijego kada a cika shi da turaren wuta ko garwashi, ranar suna ma haka.

Hakin da ya zo a watan ƙarshe na ciki ko watannin farko bayan haihuwa ba lallai asma ba ce. Akwai raunin zuciya na masu jego, wanda arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, kuma likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka alaƙanta shi da yawan kunun kanwa da gashin jiki a gadon wuta. Alamominsa kumburin ƙafa da ciki, kasa kwanciya sai an tara filo, farkawa cikin dare ana neman iska, bugun zuciya, da tari mai kumfa. Hakin da ya zo farat ɗaya da ciwon ƙirji, ko da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, na iya zama gudan jini ne a huhu. Ƙarancin jini bayan zubar jini ma na sa haki. Ventolin ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Idan kin shaƙa ba ki ji bambanci ba, ko lambar ma'auninki na nan daidai amma numfashi na gagara, a kai ki asibiti a ranar, ki ce a duba zuciya da jini.